Sunayen farkon fim ɗin leƙen asiri: yaya ake tsara su, kuma me suke yi wa mai kallo?

Ɗanliti: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su warware mana wani abu. Minti biyu zuwa ukun nan na farkon fim ɗin leƙen asiri, inda ake jera sunayen jarumai da ma'aikata, ado ne kawai ko akwai aikin da suke yi wa labarin? Kuma mai son tsara nasa daga ina zai fara, daga kiɗa, daga hoto, ko daga jerin sunayen? Don Allah a ba mu bayani da lissafi, kada a tsaya ga "a yi shi ya yi kyau".

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Ɗanliti. Finafinan leƙen asiri gida biyu ne, kuma sunayen farko su ke shaida wa mai kallo gidan da ya shigo. Gida na farko na ƙawa ne: motoci, gidajen caca, bindiga, tafiya ƙasa-ƙasa. Wanda ya kafa masa salo shi ne Maurice Binder a Dr. No na 1962, fim ɗin James Bond na farko. Fararen ɗigo suna gilmawa a baƙin allo, ɗigo ɗaya ya buɗe ya zama cikin bututun bindiga, mutum ya shigo yana tafiya, ya juyo ya yi harbi, jini ya gangaro. Cikin 'yan daƙiƙu an zaunar da kai a wurin wanda ke farautar jarumin, kuma an kashe ka. Ko kalma ɗaya ba a furta ba, amma ka riga ka san irin mutumin da za ka bi.

Gida na biyu na ofis ne: fayil, jiran waya, shugaban da ba ka yarda da shi ba. Dubi The Ipcress File na 1965. Harry Saltzman, ɗaya daga cikin furodusoshin Bond, shi ya shirya shi, John Barry mai kiɗan Bond shi ya yi masa kiɗa, amma sunayen suna fitowa ne a kan Michael Caine yana tashi daga barci, yana lalubar tabarau, yana haɗa kofi. Da gangan aka yi haka don a ce maka wannan ɗan leƙen asirin ma'aikacin albashi ne.

To amsar tambayarka ta biyu: daga rubutaccen labarin ake farawa. Ka karanta shi, ka fitar da abu guda wanda labarin ke juyawa a kansa, abin da ido zai iya gani. Karta ce, taswira ce, tef ɗin ɗaukar magana ne, madubi ne. Abu guda, ba biyar ba. Mabuɗin fim (wato wannan sashe na sunayen farko) da ya lalace, galibi sai ka tarar an zuba masa bindiga da taswira da agogo da tuta da lambobi gaba ɗaya, kowanne yana jan ido nasa ɓangaren.

Baba Tanimu: Sabo ya faɗi gaskiya, amma ni ina ganin yaran yanzu sun ɗauki ado sun bar karatu. Sunan mutum aka sa a rubuta. In mai kallo bai iya karanta shi ba, aikin ya faɗi, ko da an kashe wata shida ana zana hayaƙi. Farin rubutu a baƙin allo da kiɗa mai kyau ya fi rabin abin da ake yi yau.

Anti Larai: Baba, ba na musu da kai kan karatu, sai dai baƙin allo ma zaɓi ne, kuma yana da nasa tsada: minti biyu mai kallo yana zaune bai samu komai na labarin ba. Bari in ba Ɗanliti lissafin, sai ya ga inda lokacin ke tafiya.

Fim ɗin silima firam 24, wato hotuna ɗaiɗai 24, yake gudu a daƙiƙa. Kati, wato rubutun da ke fitowa a allo lokaci guda, in suna ɗaya yake ɗauke da shi yana bukatar ya tsaya cak, a karance, kamar daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku, wato firam 60 zuwa 72. Shigowarsa da fitarsa ba sa cikin wannan lissafi, ka ba kowanne firam 8 zuwa 12. Ke nan kati ɗaya yana cin kusan daƙiƙa huɗu. Katin da aka haɗa mutum uku ko huɗu, ƙara masa daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Gwajin da masu tacewa ke yi mai sauƙi ne: ka karanta katin a bayyane sau biyu ba da gaggawa ba, in ya ɓace kafin ka gama, ya yi gajere. Amma kada wanda ya rubuta sunan ya yi gwajin, don shi ya haddace, idonsa ba karantawa yake ba.

Yanzu ɗauki kati 24. Sau huɗu, daƙiƙa 96. Sa tazarar daƙiƙa ɗaya tsakanin kati da kati don hoto ya numfasa, an kai 120. Sunan fim ɗin kansa ya ci shida zuwa takwas. Ka ga minti biyu da 'yan kai sun tafi tun ba a yi wani ado ba. Shi ya sa mai tsarawa ke neman jerin sunayen tun ranar farko, don yawan katin shi ke yanke tsawon mabuɗin, tsawon kuma shi ke yanke wa mai kiɗa nasa.

Ɗanliti: Anti, to mai tsarawa zai iya rage katin ko ya sauya jerin in ya ga ya fi kyau haka?

Anti Larai: Ko kusa, ƙanena. Jerin sunaye a yarjejeniya yake, lauyoyi ke miƙo shi. Takardar kan faɗi wanda zai zo na farko, wanda sunansa zai fito kafin sunan fim, wanda zai samu kati shi kaɗai, da girman haruffansa in aka gwada da na sunan fim ko na wani jarumin, har da cewa ba za a bar sunan wane ya fi nasa daɗewa a allo ba. A Amurka ƙa'idar ƙungiyar daraktoci ita ce sunan darakta ya zo ƙarshe a sunayen farko, dab da shiga labari. Marubuta da furodusoshi su ke gabansa. Abin da ke hannun mai tsarawa shi ne wurin da sunan zai zauna, yadda zai shigo, da abin da ke bayansa.

Kuma a nan fim ɗin leƙen asiri yake da matsalar da wasu ba su da ita. In labarin neman maci amana ne a cikin hukuma, jerin sunayen kansa yana iya tona asiri. Mutum biyar ake zargi, huɗu ba a san su ba, na biyar babban tauraro ne da ya samu kati shi kaɗai alhali a rabin farkon fim sau biyu ya yi magana. Mai kallo mai wayo ya gama gane shi. Maganin biyu ne: ko a jera waɗanda ake zargin bisa tsarin haruffa da girma iri ɗaya, ko a roƙi tauraron ya yarda a ajiye sunansa sai ƙarshen fim. Kada kuma a haɗa suna da fuska a irin wannan labari, don duk fuskar da hasken ya fi zama a kanta, ita ido zai riƙe.

Jummai: Ni ta ɓangaren kiɗa zan shigo, don a nan ake yawan samun saɓani tsakanin mai tacewa da mai sauti. In ana so kati ya riƙa faɗowa daidai kan bugu, a zaɓi saurin kiɗan da zai rabu da firam ba saura. Lissafin: raba 1440 da yawan bugu a minti. Bugu 120 ya ba ka firam 12, bugu 96 firam 15, bugu 90 firam 16, bugu 80 firam 18. Amma bugu 100 firam 14.4 ne, ba za ka iya yanka rabin firam ba, sai ka riƙa cike da ragi, wani yankan ya riga bugu, wani ya makara. Ba laifi ba ne babba, ana iya gyarawa da hannu, sai dai aiki ne da za a iya kauce masa da magana ɗaya tun farko.

Na biyu, gudun firam 24 da na 23.976 a daƙiƙa ba abu ɗaya ba ne. Bambancinsu kashi ɗaya cikin dubu ne. A mabuɗin minti uku akwai firam 4320, ke nan zuwa ƙarshe kiɗa da hoto sun rabu da firam huɗu da ɗoriya. A magana ta yau da kullum ƙila a yi haƙuri, amma inda harbi ke faɗowa kan ganga, kowa zai ji wani abu ya goce ko da bai san mene ne ba. A tambayi saurin da za a kammala fim ɗin da shi kafin a buɗe kwamfuta.

Na uku, ɗan sirrin masu tacewa: a sa yankan hoto ya riga bugun da firam ɗaya. Ido da kunne sun saba haske ya riga sauti isowa, don haka sautin da ya ɗan makara ba ya damun mutum, wanda ya riga hoto shi ke ƙaiƙayi.

Malam Sabo: Jummai ta tuna mini Mission: Impossible, shirin talabijin na 1966. Lalo Schifrin ya yi kiɗan a kan bugu biyar maimakon huɗun da kunne ya saba, shi ya sa kake jin kamar ƙafa ɗaya tana gaba kullum, ba ka samun wurin zama. A kan wannan aka ɗora ashana tana kunna lagwani, wutar tana bin layi a allo, ana watso gutsattsarin abin da zai faru a shirin na ranar. Lagwanin nan agogo ne da kowa ke iya karantawa.

Baba Tanimu: Wannan watso gutsattsarin ai shi ne tona labari da hannunka. Ka biya kuɗi a ɓoye maka abu, sai a nuna maka shi a minti na biyu.

Anti Larai: Ya danganta da tsawon gutsuren, Baba. Firam 6 zuwa 10 ya isa ido ya ga fashewa, ko hannu a kan makulli, ko mutum yana faɗowa, amma bai isa ya gane wane ne, a ina, ko don me ba. Da ya wuce firam 12 zuwa 15, an fara gane fuska da wuri. Sannan ba a jera su yadda suka zo a labari, kuma ba a ɗauko komai daga inda asirin ke warwarewa. In an kiyaye wannan, mai kallo zai kai tsakiyar fim ya ga hoton da ya taɓa giftawa ta idonsa, ya ji daɗin gane shi. Na yarda dai cewa salon na gidan ƙawa ne. A fim ɗin ofis da fayil ba shi da wurin zama.

Gambo: Bari in sauko kan ɗaukar hoton, tunda inuwar mutum ita ce tambarin wannan nau'in fim, kuma mutane na ɗauka baƙin fenti ne ake shafawa a kwamfuta. Ana iya yin hakan, amma gashi da hayaƙi da gefen tufafi ba sa fita da kyau. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauka a inuwar tun asali.

A samu farin bango ko farin yadi a haska shi shi kaɗai, hasken ya bazu daidai daga gefe zuwa gefe. Mutumin ya tsaya nesa da bangon kamar mita uku. In ya matso kusa, hasken da ke dawowa daga bango zai lulluɓe kafaɗunsa da kumatunsa, gefen ya yi toka-toka, inuwar ta rasa kaifi. A tare fitilun da baƙin allo don kada ko ɗigo ya taɓa shi, a kashe duk wata fitila ta gaba, a auna kyamara da hasken bango. Ya sa baƙaƙen kaya marasa sheƙi, a cire agogo da maɓalli mai ƙyalli. Daga nan a kwamfuta da bambancin haske da duhu ake cire shi, ba a bukatar koren yadi, kuma silin gashi ma yana fita.

Inda ake faɗuwa shi ne tsayuwar. Inuwa ba ta da ciki, gefe kawai gare ta. Wanda ya fuskanci kyamara ya riƙe bindiga a gaban ƙirjinsa ya zama dunƙulen baƙi. Dole ya ba da gefe, hannu ya rabu da jiki, a ga haske tsakanin ƙafafu, bindigar ta fito sarari.

In za a rage gudun motsi, ɗauka a firam 120 ya ba ka ninki biyar na jinkiri a kan 24. Amma kowane firam yana samun kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ya saba samu, sai an ƙara fitila sosai. Ga kuma ƙyaftawar wuta: inda lantarki ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilun da ba na aikin fim ba suna bugawa sau 100 a daƙiƙa, ɗauka a 120 zai sa bangon ya riƙa haske yana dushewa. A can a ɗauka a 100. Inda lantarki ke kan 60, a nan 120 ke daidai. Ko kuma a nemi fitilun da aka yi don ɗauka mai sauri.

Ɗanliti: Yaya Gambo, bututun bindigar nan na Binder fa, zane ne?

Gambo: Hoton cikin bututun gaske ne. Gilashin kyamara na yau da kullum ba ya iya kama tsawon bututu duka da kaifi daga kusa haka, sai aka yi amfani da kyamara mai ɗan ƙaramin huji a madadin gilashi, wadda komai ke fita da kaifi ɗaya a cikinta, shi ya sa ake ganin murɗaɗɗun layukan ciki. Kuma mutumin da ke tafiya a finafinai ukun farko ba Sean Connery ba ne, Bob Simmons ne mai yi masa wasannin haɗari. Sai a Thunderball na 1965 aka sake ɗauka da Connery, saboda an koma faffaɗan allo, tsohon hoton bai dace da sabon faɗin ba.

Kaltume: Wannan maganar faɗin allo har yau tana cin mutane. Fim ɗin da aka yi a 2.39, wato faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 2.39, in aka yanke gefensa don ya cika allon talabijin mai 16 da 9, kusan kashi 26 cikin ɗari na faɗinsa ya tafi, 13 kowane gefe. Sunan da aka manna a can kusurwa don ya yi salo, rabinsa ya tafi da shi. A tambaya tun farko ko za a fitar da fim ɗin a wani faɗin. In za a yi, ko dai rubutu ya zauna a tsakiyar da za ta tsira, ko a yi wa kowane faɗi nasa tsarin. Ko ba yanka, rubutu kada ya fita daga kashi 90 na tsakiyar allo.

Sai launi. Ja a kan baƙi shi ne abin da kowa ke so a fim ɗin leƙen asiri, shi ne kuma ya fi lalacewa. Bidiyon da ke isa gidajen mutane ana adana launinsa ne a rabin kaifin haskensa, a tsaye da a kwance. Farin harafi a kan baƙi bambancin haske ne, yana fita tas. Jan harafi a kan baƙi kusan duk bambancinsa a launi yake, sai gefensa ya yi dishi-dishi da matakala. In dole sai ja, a ɗaga haskensa ya ɗan karkata zuwa ruwan lemo, a kaurara harafin, ko a bar jan ya zama bango rubutun ya zama fari.

Matsala ta biyu duhun da ke narkewa a hankali, kamar haske a cikin hayaƙi. A bit 8 (bit shi ne ma'aunin yawan matakan haske da bidiyo ke adanawa) matakai 256 ne kawai daga baƙi zuwa fari, a bit 10 kuma 1024. Duhu mai laushi a bit 8 sai ya fito zobe-zobe. A yi aikin a bit 16 ko sama, sannan a yayyafa ɗan tsakin hoto kaɗan a kai kafin fitarwa, shi ke farfasa zoben. Tsakin ya hau har kan rubutun, in ba haka ba rubutun zai yi kamar an liƙa shi daga baya.

Na uku farin rubutu. A silima farin allo kusan nit 48 ne (nit ma'aunin ƙarfin hasken allo ne), a talabijin na da ana aiki da 100, amma allon HDR, mai faɗin tazara tsakanin haske da duhu, yana iya kai 1000. Wanda ya bar rubutunsa a ƙurewar fari, a ɗaki mai duhu zai soki idon mutane, duk abin da ke cikin inuwar hoton ya ɓace musu. Ma'aunin da aka ba da shawara ga farin rubutu a HDR nit 203 ne, a mabuɗi mai duhu ma ana sauka ƙasa da haka.

Baba Tanimu: Kin ga duk wannan wahalar, farin rubutu a baƙin allo ba ya da ko ɗaya cikinta sai ta ƙarshe.

Malam Sabo: Ranka ya daɗe, ai akwai tsaka-tsaki, kuma tun 1959 aka nuna shi. Saul Bass a North by Northwest: koren allo, layuka suna shigowa a karkace suna saƙa raga, sunaye suna hawa suna sauka a kan layukan kamar na'urar hawa bene, sannan ragar ta rikiɗe ta zama gilasan wani dogon gini a New York, motoci suna gilmawa a cikinsu. Haruffan manya ne, masu kauri, kowa na karantawa. Dabara guda ce tak, kuma ta gaya maka labarin mutumin da zai faɗa cikin ragar da bai san da ita ba. Karatu bai hana tunani ba.

Abin da nake so Ɗanliti ya lura da shi: wannan nau'in fim sana'arsa ɓoyewa da bayyanawa, to motsin rubutun ma ya bi wannan. Baƙin layin da ake shafe sirri da shi a takarda ya zame, suna ya bayyana a ƙarƙashinsa. Haruffa su riƙa canzawa har su tsaya a kan sunan. Amma canzawar kada ta wuce firam 12 zuwa 18, kuma ba a lissafa ta cikin lokacin karatu da Larai ta faɗa. Kada kuma kati 24 duka su shigo da dabara iri ɗaya a wuri ɗaya, zuwa na shida an gaji. A riƙa sauya wurin, ido yana bin abin da ke motsi a hoton ya kai shi inda suna na gaba zai fito.

Jummai: Malam, ka tsallake Robert Brownjohn, wanda ya yi mabuɗin finafinan Bond biyu. Shi ya haska sunaye da majigi a jikin mai rawa a From Russia with Love na 1963, ya sake haska hotunan fim a jikin mace da aka shafe da ruwan zinare a Goldfinger na 1964. Dabarar haskawar tana da kyau, harafi yana lanƙwasa yana miƙewa. Jikin matan kuwa an maimaita shi har ya zama lalaci. Daniel Kleinman, wanda ya karɓi aikin daga GoldenEye na 1995 bayan rasuwar Binder a 1991, ya ajiye shi a Casino Royale na 2006, ya gina komai a kan alamomin karta da inuwar maza suna faɗa, kuma mabuɗin bai rasa komai ba.

Gambo: Haskawar tana aiki a kan komai mai lanƙwasa, hayaƙi, labule, fuskar mutum-mutumi, tulin takardu. Abin kiyayewa: ƙananan majigi masu faifan launi mai juyawa suna fitar da ja da kore da shuɗi ne bi da bi, ido ba ya gani amma kyamara na kamawa, sai ka ga zirin launuka suna bin hoton. A daidaita buɗewar kyamara da saurin majigin, a gwada kafin ranar ɗauka. Kuma sunan da aka haska aka ɗauka ya zauna ke nan. In lauya ya kira ya ce an canza jeri, sai an sake ɗauka. Shi ya sa yanzu ake ɗaukar abin da zanen raga a kansa, a ɗora rubutun daga baya a kwamfuta yana bin ragar.

Anti Larai: Kurakurai biyu na bincike da ke zubar da mutuncin mabuɗi. Na farko juya haruffa don su yi kama da rubutun Rasha. Harafin nan mai kama da R a juye sautinsa "ya" ne, mai kama da N a juye kuma "i" ne, duk wanda ya iya karanta rubutun abin da zai gani shirme ne. Na biyu taswira da ba ta dace da shekarar labarin ba. Katangar Berlin daga 1961 zuwa 1989 ta tsaya, Tarayyar Sobiyet ta watse a 1991. Labarin 1975 da taswirar yau a bayansa, masu son irin wannan fim su ne mutanen da suka fi kowa lura da haka. Hakanan haruffan tafireta: a tafiretar gaske kowane harafi faɗinsa ɗaya, kuma tawadar ba ta zama iri ɗaya. In kowane "a" ya fito da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, an gane na kwamfuta ne. A samu tafireta a buga, a ɗauki hoton takardar.

Kaltume: Akwai wanda ya fi waɗannan nauyi, don ya shafi lafiya: walƙiya. Harbi, fitilar kyamara, yankan fari da baƙi da sauri, duk kayan wannan nau'in ne, kuma suna iya tayar wa masu farfaɗiya ciwo. A Disamban 1997 wani shirin zane na talabijin a Japan ya sa an kai yara sama da 600 asibiti saboda walƙiyar ja da shuɗi. Ƙa'idar da gidajen talabijin ke bi ita ce kada walƙiya ta wuce uku a cikin daƙiƙa ɗaya in ta mamaye fiye da rubu'in allo, ja mai tsanani kuma an fi tsaurara masa. A Ingila ana bi da shiri ta na'urar gwaji kafin a watsa. In ya faɗi, gyaran shi ne a rage bambancin haske tsakanin firam ɗin, ko a ƙanƙanta wurin da ke walƙiyar, ko a tsawaita tazara. Gutsattsarin firam 6 da Anti ta ambata, in ana sa farin firam a tsakaninsu, sau huɗu ke nan a daƙiƙa, an riga an haura.

Ɗanliti: Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: a ina ya kamata mabuɗin ya zauna, farkon farko ko bayan an ɗan fara labari? Kuma tunda Netflix ta kawo maɓallin tsallakewa a 2017, wahalar ba ta zama ta banza ba?

Malam Sabo: Tun 1963 finafinan Bond suke fara da ɗan guntun labari kafin sunaye, kuma dalilin na aiki ne. An tayar wa mai kallo hankali da gudu da harbi, sai mabuɗin ya ba shi wurin sauke numfashi, ya kuma haɗiye tsallen lokaci ko na wuri, a fito daga cikinsa a wata ƙasa ko bayan shekaru ba tare da an yi bayani ba. In fim ɗinka yana da irin wannan tsalle, nan ne wurin mabuɗin. Mahaɗar biyu su suka fi komai muhimmanci: hoton ƙarshe na guntun labarin ya zama shi ne abin da mabuɗin ya ɗauka ya fara wasa da shi, hoton ƙarshe na mabuɗin kuma ya yi kama da na farkon labari a siffa ko a haske. Fim ɗin ofis ya fi son sunaye su hau kan labarin yana tafiya, sai dai a zaɓi wurin da babu magana, don ba a karatu da sauraro lokaci ɗaya.

Jummai: Maɓallin na shirye-shirye masu dogon zango ne, inda za ka ga mabuɗi ɗaya sau goma. Fim sau ɗaya ake ganin nasa. Ga mai yin shiri mai zango, abin da maɓallin ya canza shi ne mahaɗar sauti: wanda ya tsallake zai faɗo ne a kan firam na farko bayan mabuɗi, don haka kada wutsiyar kiɗan ta zarce cikin labarin, in ba haka ba zai ji guntun sauti da bai san daga ina ya fito ba. Kiɗan ya mutu kafin yankan, ko da firam 6 ne.

Kaltume: Wajen miƙa aiki kuma a ba da abu uku dabam-dabam: cikakken mabuɗi da rubutu, hoton bayan ba rubutu, da rubutun shi kaɗai a kan bango mai ratsawa. Wanda ba rubutun shi masu rarraba fim a wasu ƙasashe ke ɗora sunan fim da harshensu a kai, kuma dole tsawonsa ya zo daidai da ɗayan firam da firam. A tabbatar lasisin haruffan ya haɗa da amfani a fim, don wanda aka saya na buga takarda ba lallai ya haɗa ba. Sannan a fitar da hoton kowane kati a takarda, a aika wa ofishin furodusa su duba harafi-harafi da takardar yarjejeniya su sa hannu, musamman sunayen da ke da ɗigo ko alama a kan harafi, don wasu nau'o'in haruffa ba su da su, kwamfuta sai ta ari na wani nau'in ta cusa ba tare da ta sanar ba.